Silin gashin da Adda Hadiza ta nuna min

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayata, Adda Hadiza, malamar kimiyya a wata lise, wato makarantar sakandare, a nan Garwa.

Ina budurwa na shafa wani man miƙar da gashi da na saya a babbar kasuwa. Ya ƙona min kai, gashi ya riƙa kakkaryewa yana bin mataji. Kunya ta hana ni fita ko biki. Adda ba ta yi faɗa ba. Ta tsinki sili ɗaya a kaina, ɗaya a nata, ta ja ni ɗakin gwajin makarantarsu, ta sa su ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu.

Gani ya kori ji. Ashe silin gashi ɓawo gare shi jere-jere, kamar na kifin karfasa na tafkin Maga. Nata a kwance lumui, nawa ya tattashi kamar jinkar da iska ta yaye. Ta ce kwantaccen ɓawo ne ke maido da haske ido, shi muke kira sheƙi, in ya tashi sai hasken ya watse. Abu mai kanwa kan buɗe shi, ɗan tsami kan rufe shi, mai kuma ya cike gurbi. Na daɗe a sunkuye, ban san sanda na ce Allah mai iko ba.

Ta aske wanda ya ƙone. Duk Juma'a ta wanke min kai da garin ganyen magarya, ta ɗauraye da ruwan tsamiya, ta bi da man kaɗanya. Kafin damina ta zagayo na koma kitso.

Yau shaguna sun cika da kwalabe, 'yan mata suna binciken sinadaran a waya. Na san ba za ta raina su ba. Juya kwalbar za ta yi ta karanta Faransancin bayanta, ta yi dariya in ta tarar da kaɗanyarmu a ciki.

A jinyarta ta ƙarshe maganin asibiti ya zubar mata da gashi. Ina shafa mata mai ina hawaye, sai ta ce, "Bar kuka, Amina. Saiwar tana nan, hutawa take yi." Ba ta kai ga ganin tofon ba.

Adda ba ta haihu ba, ba ta bar gida ko gona ba. Amma ba a rasa ranar da wata likita ko malama za ta tare ni a hanya, ta ce ita ɗalibar Madam Hadiza ce, ta kama hannuna ta ƙi saki.