Yatsan Malam a kan kwallin aparai

Ku ara mini kunne, manya da yara, ga ta nan zan ajiye a gabanku. Ba ta dawa ba ce, ta cikin ɗakina ce. Bana shekara goma sha uku ke nan da Allah ya karɓi ran maigidana. Sunansa bai fito daga bakina ba yana raye, ba kuwa zai fito a jarida ba. Zangon Kwatano ta san shi da Mai Aparai, wato mai akwatin ɗaukar hoto, wannan ya isa. Ni ban shiga lekol ba, wato makarantar boko. Ina faɗa ne, jikata Nafisa tana rubutawa.

Daga Jugu ya gangaro yana saurayi, ya koyi aikin hoto wurin wani dattijo a Placodji, can bakin teku. Da zai tashi, ubangidan nasa ya sallame shi da aparai, tsohon ƙarfe mai nauyi wanda tun a lokacin ya girme mu duka biyu. Da shi ya ɗauki rabin Zango. Amare, masu jego ranar suna, maniyyata, fataken Gaya masu neman hoton takardar tafiya, duk sun tsaya a gaban labulensa sun riƙe numfashi.

Abin da ya fi ji da shi a jikin aparai shi ne idonsa, gilashin nan zagayayye na gaba. In ka karkata shi wajen haske, sai ka ga wani launi kwance a kansa, shuɗi-shuɗi da ɗan ja, kamar wuyan tattabara. Ina amarya na ɗauka datti ne. Na ce, "Malam, mai ya zube wa abin naka."

Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce, "Kwallinsa ke nan, Ladi. Masu ƙera shi ne suka sa masa."

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Wai kwallin nan ya fi ɓawon albasa siranta, kuma shi ke hana haske yin tsalle a kan gilashi. In babu shi, da rana ta leƙo sai hoto ya yi fari-fari, baƙi ya daina zama baƙi. Ya ce, "Mu kuwa baƙaƙe ne. In baƙi bai fito ba, wa na ɗauka?"

Kwallin aparai na dā taushi gare shi, ba ya son goge-goge. Shi ya sa Malam bai taɓa yarda yatsa ya sauka a wurin ba. In ya ga ƙura, sai ya hura mata iska da wata 'yar roba, ya bi da burushi mai laushi. Sai abu ya ƙi ne yake ɗauko auduga da ɗigon alkol, ruwan nan na goge ciwo a asibiti, ya shafa sau ɗaya, a hankali, daga tsakiya zuwa baki. Yakan ce yashin Kwatano ba ya barin ko'ina, kuma ƙwaya ɗaya in ta shiga ƙarƙashin ƙyalle, ta isa ta yi wa ido tsage na har abada.

Yana da aboki, Malam Garba, mutumin Dosso, shi ma mai hoto. Mutum ne mai tsabta, Allah ya sani. Duk sanda ya idar da alwala sai ya huci idon aparai ɗinsa, ya murje shi da hannun riga mai sitaci. Jajibirin wata sallah, ranar da mu mata muke dirje faranti da toka, shi ma ya zauna ya dirje nasa har ya koma garau kamar ruwan randa. Ya zo yana nuna wa Malam. "Dubi nawa, tas. Naka kamar wanda aka nausa a ido."

Malam ya karɓa, ya karkata shi, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Garba, ka wanke wa amarya kwalli, ka zo kana neman tukuici."

Hotunan Idin da Garba ya ɗauka suka fito kamar an tara mutane a ɗakin girki. Tun daga ranar Zango ta sa masa Garba Hayaƙi, shi ma har ya saba yana amsawa.

Yau kuwa kowa mai hoto ne. Nakan zauna a ƙofar gida in ga yarinya ta zaro waya, ta goga idonta a cinya, ta ɗauki kanta. Nakan ce da Malam yana nan da ya runtse ido. Amma na san shi, bayan ya buɗe zai ce, "Kawo in gani," don bai taɓa ƙin abu saboda sabo ne kawai ba. Nafisa ta ce kwallin yanzu tauri gare shi, yana jure wulaƙanci. To, madalla. Nasa ba haka yake ba.

A ciwonsa na ƙarshe ganinsa ya ragu. Wata safiya, na gama shafa masa man kaɗanya a hannu, sai ya ce a miƙo masa aparai. Ya cire murfin idon yana lalube, babban yatsansa ya sauka a tsakiyar gilashin. 

Ya ce, "Na taɓa, ko?"

Na ce, "Ka taɓa."

Ya ce, "To. In na ji dama gobe, zan goge."

Ya mayar da murfin. Bai ƙara neman aparai ba har Allah ya yi ikonsa. Na naɗe shi a zane na sa a adaka. Duk shekara in watan rasuwarsa ya kama, nakan fito da shi, in karkata idon wajen taga, in ga zanen yatsansa kwance a kan shuɗin nan, har da tabon wuƙar da ta taɓa yankarsa ranar layya. Hotunan jama'a ya bari birjik, amma na jikinsa wannan kaɗai ya rage mini.

Bana da na buɗe, Nafisa na kusa. Ita ma aikin hoto take yi, a wuraren biki can Cadjèhoun. Ta leƙa, ta ce, "Kaka, mene ne wannan kamar saƙar gizo-gizo?" Wasu fararen zarurruka ne suka taso daga gefe, sun kusa cim ma zanen yatsan.

Muka hau zem, babur ɗin haya, zuwa Gbégamey, wurin wani tsoho mai gyara, Mushe Kojo, mushen faransanci, wato Malam Kojo. Ya duba da madubinsa, ya yi ta faransanci, Nafisa tana juya mini. Wai fumfuna ce, danshin teku ke kawo ta, tana cin kwalli, in ta gama ta shiga gilashin kansa, daga nan ido ya mutu. Wai zai iya cire ta, amma duk abin da zai wanke fumfuna zai wanke yatsan.

Nafisa ta ce, "Kaka, magana ta ƙare a nan. Ko yatsa, ko ido."

Na ce, "Ki ce masa tsohuwa tana tunani."

Ta ce, "Ko mu koma ki ci gaba da ɓoye saurayinki a adaka?"

Na ce, "Marar kunya, saurayin nawa ya yi miki huɗuba."

Na zauna a bencinsa, aparai a cinyata. Ina kallon yatsan sai maganar Malam ta dawo mini kamar yanzu ya faɗe ta: gobe zan goge. Ashe ba tsaraba ya bar mini ba. Aiki ne ya bari bai ƙarasa ba, ni kuma na zauna ina gadinsa. Na miƙa wa Mushe Kojo, na ce bismillah.

Ban kau da kai ba. Ya hura iska tukuna, ya bi da burushi, sannan ya ɗauko auduga. Da na ga haka hankalina ya kwanta. Fumfuna ta fita, yatsa ya tafi. Sai dai inda man kaɗanya ya kwanta shekara da shekaru, kwallin ya koɗe, ya bar ɗan fili kamar lalle mai shirin fita.

Nafisa ta nemo fim, ta ɗauke ni a ƙofar gida da hantsi. Baƙina ya fito baƙi, yadda Malam yake so. Amma ta wajen da rana ta taɓa mayafina akwai wani ɗan haske mai taushi. Ta ce illar wurin da kwalli ya koɗe ce. Na ce ta kira shi yadda ta ga dama, ni na san hannun wanda ya sa shi.

Garba Hayaƙi ya bar hoto ya koma sayar da atamfa, daga baya ya tafi Dosso, can ya cika cikin jikokinsa. Mushe Kojo yana nan a bencinsa. Aparai ya bar adaka, yana kan kanta a ɗakin Nafisa inda iska ke ratsawa, tana fita da shi in biki ya yi biki. Malam yana inda muka kai shi, Allah ya haskaka masa makwanci. Ni kuwa ga ni a ƙofar gida, idona ya fara hayaƙi irin na aparai ɗin Garba. In na hango yaro ya kama bakin riga zai goge wayarsa, nakan kira shi in ce, "Ɗan nan, hura tukuna."