Turaku Biyu a Bakin Rijiyar Bauranya

Abin da zan rubuta a nan ya faru ne a bazarar bara waccan, shekarata ta farko a aikin safiyo bayan na bar jami'a, daidai lokacin da kuɗin fetur ya sa ake yanka hanyoyin burji ta ko'ina. Watan da ranar ba zan ambata ba, domin ban tabbatar da su ba. Na dai san ana jiran ruwan shuka. Madogarata uku ce: abin da na riƙe a kaina, da hirar da na yi daga baya da direban katafilar da ya yi aikin, da kuma wurin kansa, wanda na koma na gani. Inda maganata ta saɓa da ta direban, zan faɗa.

Akwai kalma ɗaya da ya kamata in bayyana, wato ofset. A makaranta na tarar masu buga littattafai suna nufin wani irin injin ɗab'i da ita, akantoci kuma suna nufin a cire wani lissafi daga wani. A wurinmu masu awon ƙasa, ofset ita ce tazarar da ake aunawa gefe daga tsakiyar hanya. Duk turken da aka kafa a tsakiya katafila za ta tuge shi, saboda haka muke kafa wasu turakun a gefe, a tazara ɗaya ƙayyadajjiya, mu shafa musu jan fenti. Ranar yanka, daga su ake aunowa a gano tsakiya da bakin hanya. Muddin turken gefe yana inda aka kafa shi, hanya ba za ta ɓata ba. In ya gusa, hanya ta gusa.

Mun kafa turakun hanyar da ta taso daga Kankiya ta nufi Kusada tun da rani, gonaki suna fili. Kusa da Bauranya hanyar ta yi kwana don ta kauce wa wani kwazazzabo, kuma a cikin kwanar akwai rijiyar wani dattijo, a gefen gonarsa. Shi da ƙannensa suka haƙa ta tun yana da ƙarfi, ita ce kuma ba ta ƙafewa a wannan yanki. A awon rani, kamar yadda nake tunawa, hanya ta wuce ta bar rijiyar da 'yar rata.

Da safen da katafila ta iso kwanar, na auno daga turaku biyu mafi kusa, sai bakin hanya ya faɗa tsakiyar rijiyar. Na sake aunawa, ya sake faɗawa nan. Dokar aikin a fili take: duk abin da ya shiga faɗin hanya a share shi, rijiya kuwa a cike ta.

Dattijon yana tsaye da guga a hannu yana kallon inda leburana ya soka ƙarfen alama.

"Malam safiyo," ya ce, "ba kai ne ka tsaya nan da rani ka ce mani ta tsira ba?"

"Ni ne, Baba."

"To mi ya hwaru? Rijiya dai ba ta tahiya."

Na durƙusa gindin turke ɗaya. Ƙasar wurin ba ta daskare kamar ta sauran ba, kuma a wuyan turken fentin ya goge, ya yi zobe, irin gogar igiya. Na nuna masa. Ya daɗe yana duba, sa'annan ya ce a kira masa baƙonsa.

Baƙon nasa Bafillatani ne makiyayi. Al'adar wurin ce, in an kawar da amfanin gona, manomi ya sauke makiyayi a gonarsa, shanu su ci kara su bar taki. Wannan ya yi rani a gonar dattijon, bai daɗe da matsawa gaba kaɗan ba. Ya zo da sandarsa a kafaɗa, bai kuma ɓoye komai ba. Ya ce yana neman itace mai ƙarfi da zai ɗaure dangwali, wato doguwar igiyar da ake jera maruƙa a jikinta, sai ya ga waɗannan biyun, an fiƙe su da kyau. Ya ara, da zai tashi kuma ya mayar.

"Ban ɗauki kayan gwamnati ba," in ji shi. "Ramin da na cire, nan na mayar."

"Ka tabbata ramin ne, Malam?" na tambaye shi.

Ya duba ƙasa. Shanu sun yi watanni suna tattake wurin, ga ramukan turakun dangwali, ga na bukka, duk sun cike rabi da rabi. Ya nuna ɗaya da sanda, ya ɗan yi jim, ya nuna wani.

Direban katafilar Babarbare ne, abokin wasan Fulani, saboda haka bai bar wannan ta wuce ba. Ya leƙo daga kan kujerarsa ya ce, "Kai Fulani! Hanyar gwamnati sukutum ka ɗaure wa maraƙi? Gobe sai ka tatsi katafilata!"

"Bawana," in ji makiyayin, "sauko ka riƙe mini sanda, manya na magana."

Leburori suka yi dariya, amma 'ya'yan dattijon biyu, waɗanda suka iso da fartanya a kafaɗa, ba su yi ba. Babban ya matso ya ce, "In aka cike rijiyar nan, mun san wanda ya cike ta." Makiyayin ya sauke sandarsa daga kafaɗa ya dogara ta a ƙasa. Dattijon ya shiga tsakaninsu ba tare da ya dubi kowa ba.

"Ni na sauke shi," ya ce. "Shanunshi ma nan suke sha. Ku bar malam ya yi aikinshi."

Direban ya sauko ya ja ni gefe. Ya nuna gabas, inda hadari ya fara haɗuwa, ya ce ɗan kwangila ya gargaɗe shi kada ruwa ya same shi bai haye kwazazzabon ba. "Oga ƙarami, ko dai ka ce in bi turaku, ko ka ce in bi bakinka. Ni dai tsayuwa ce ba zan yi ba." A hirar da muka yi daga baya ya ce shi ya ba ni shawarar a sake awo. Ni kuwa ina tuna cewa ni na roƙe shi ya kashe injin zuwa azahar. Ɗayanmu ya manta.

Tunda wurin kwana ne, ba a iya hango layi daga turakun baya a miƙe shi. Dole muka koma har wani dutsen siminti da muka dasa da rani, wanda ba mai iya cirewa, muka fara jawo awon daga can, tef bayan tef, cikin zafin da ke sa ƙarfen tef ɗin ƙona yatsa. Mutanen ƙauye suka bi mu a baya, shiru, kamar masu rakiyar gawa. Ina tafe ina tuna abin da aka koya mana: kowane ja na tef yana da ɗan kuskurensa, kuma kurakuran suna taruwa. Na san kafin mu isa rijiyar abin da ya taru zai kai taƙi guda ko fiye, ta kowane ɓangare.

Muka kafa sabuwar tsakiya. Ta nuna lalle turakun biyu sun gusa, amma ba kamar yadda na yi fata ba. Saura awo na ƙarshe, daga tsakiya zuwa bakin hanya. Lebura ya riƙe kan tef a tsakiya, ni na ja ɗaya kan na nufi rijiya. Iskar hadarin ta taso tana kaɗa tef ɗin. Na ja da ƙarfi, alamar bakin hanya da ke jikin tef ɗin ta hau kan dutsen bakin rijiya. Na ce iska ta karkatar da shi, a sake. Aka sake, alamar ta sauka a ƙasa, tafin hannu guda kafin dutsen. Ina jin numfashin dattijon a bayana. Na jira iska ta lafa, na ja kamar yadda nake ganin ƙa'ida ta ce a ja, ba sako-sako ba, ba kuma da ƙarfin tsiya ba. Alamar ta sauka a ƙasa, yatsu kaɗan kafin dutsen. Na soka ƙarfe a wurin.

"Nan ne," na ce.

Direban ya dubi ƙarfen, ya dubi rijiyar. "Yatsu ka ba ni? Wannan abin da nake tuƙawa ba reza ba ce."

"Abin da awo ya bayar ke nan."

Ya hau ya tayar da injin. Ƙasa ta ɗauki rawa tun kafin ya iso. Dattijon ya ƙi matsawa. Ya dafa gungumen da ke gicciye a bakin rijiyar da hannu biyu, kamar mai riƙe dabbar da za ta firgita. Makiyayin ya zo ya tsaya kusa da shi. Bakin katafilar ya taho yana nannaɗe ƙasa, ina tafiya da baya a gabansa ina yi wa direban nuni da hannu. Da ya zo daidai rijiyar muka ji ƙasa tana zuba cikin ruwa, sa'annan wani dutse daga ginin bakin ya saki, muka ji faɗuwarsa can ƙasa. Babban ɗan ya yi salati da ƙarfi. Direban bai tsaya ba, bai kuma ƙara sauri ba, har ya wuce. Sauran ginin ya tsaya.

Dattijon ya zura guga ya jawo. Ruwan ya yi ja saboda ƙasar da ta zuba. Ya duba, ya ce ruwan zai kwanta, ya miƙa wa direban ya wanke fuska.

Na koma wurin bana. An gyara bakin rijiyar da siminti, motoci suna wucewa dab da masu ɗiban ruwa, shanu kuma sai an tsare musu hanya kafin su sha. Na tafi da tef a jaka, amma ban fitar da shi ba, domin yanzu hanyar ce ta zama abin da ake aunawa daga gare shi, ba za ta ƙaryata kanta ba. Na san turakun sun gusa, na san kuma kuskuren da awonmu zai iya ɗauka ya fi ratar da ta raba alamar da dutsen. Abin da ban sani ba shi ne ja na ƙarshe. Shin na ja tef ɗin nan daidai yadda nake jan sa a kowane wuri, ko kuwa hannuna ya ɗan sassauta domin dattijon yana tsaye a bayana?