Tabar Baba da Turaren Matata

Shekarun baya can, lokacin muna haya a unguwar Umarari, cikin Maiduguri, an taɓa ba ni wata amana da har yau in na tuna sai in yi dariya ni kaɗai. Ni da ban taɓa sa karan taba a bakina ba, ni ne na yi wata biyar cur ina renon taba kamar jariri.

Maƙwabcinmu wani dattijo ne daga kudancin Borno, Kirista, tsohon akawu. Katanga ɗaya ta raba mu. Baba muke ce masa, shi kuma Malam yake ce mini don ina koyarwa a firamare. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ɗansa namiji tilo kuwa yana aikin jirgin ruwa a ƙasar waje, shekara bakwai rabonsa da gida.

Wata Asabar da hantsi, ana tsakiyar bazara, sai ga Baba ya yi sallama rungume da wani ɗan akwatin katako a cikin tawul. Ya buɗe. Taba ce a jere, amma ba irin sigarin da muka sani ba. Ganye ne zalla aka naɗe, kowace kaurinta ya kai babban yatsa.

Ya ce, "Malam, yarona ne ya aiko mini. Ya ce kada in taɓa ko ɗaya sai ya zo Kirsimeti mun kunna tare. Na bar shan taba tun kafin a haife shi, amma wannan ɗayar zan sha. To, ga shi za ni Jos wurin 'yata a yi mini aikin ido, kuma ban san ranar dawowa ba."

Ya nuna mini wani ɗan agogo a jikin murfin, mai allura ɗaya. Ya ce ba lokaci yake nunawa ba, laimar da ke cikin akwatin yake aunawa. Allurar ta tsaya kusa da saba'in. In ta sauka sosai, ganyen zai bushe ya farfashe. In ta hau, ya yi funfuna. Ga kuma ɗan soso a gefe da ake jiƙawa da ruwa mai tsabta.

Na bugi ƙirji na ce, "Haba Baba, ni da nake koyar da lissafi? Allura ɗaya ce za ta gagare ni?"

Matata Babarbariya ce, sana'arta haɗa turaren wuta da humra. Da Baba ya fita ta dube ni ta ce, "Malam, taba a gidan nan?" Na ce amana ce, ba sha zan yi ba. Ta ce, "To, Allah ya ba mai reno haƙuri."

Wanda ya san bazarar Maiduguri ya san sauran. In ka shanya riga, kafin ka juya ta bushe ƙamas. Kwana uku da tafiyar Baba na leƙa, allura ta gangaro hamsin, soso ya zama kamar busasshiyar kuɓewa. Na jiƙa shi da safe, kafin la'asar ya sake bushewa. Rannan na ɗebo ruwa a kofi zan yayyafa wa tabar kai tsaye, matata ta riƙe hannuna.

"Wanka za ka yi mata? Kai dai ba ka san kan abu ba. Kawo nan."

Ta kai akwatin gindin randarmu, inda yashi yake jiƙe kullum, ta ɗora shi a kan faifai don kada ya taɓa ƙasa, ta rufa masa tawul. Washegari allura ta hau sittin da biyar. Kwana biyu, ta kai saba'in ta zauna daram. Wallahi na ji daɗi kamar ɗalibaina ne suka ci jarrabawa gaba ɗaya.

Daga nan abin ya zama mini jiki. Duk sallar da na dawo daga masallaci, sai na durƙusa gindin randa na duba. Abokina, wanda muke koyarwa tare, ya zo ya same ni a durƙushe, ya ce, "Malam, randa kake gaisarwa?" Baba in ya bugo waya, kafin ya tambayi lafiyar iyali sai ya ce, "Nawa take?" In ce saba'in. Ya ce madalla.

Sai damina ta sauka. Abin da ya cece ni a bazara shi ya juyo kaina. Allura ta haye tamanin, na taɓa taba ɗaya na ji ta yi laushi tiɓis. A nan ne na ce wannan karon ba zan tambayi kowa ba, ai ni ma ina da kai. Na zagaya gidan ina neman wurin da ya fi bushewa, na samu saman durowar matata, can ƙuryar ɗakinta. Na cire soson, na ɗora akwatin, na kuma bar murfin a ɗan buɗe don laimar ta fita. Kwana huɗu allura ta dawo saba'in. Na yaba wa kaina ƙwarai da gaske.

Abin da ban lissafa ba, ni malamin lissafi, shi ne a durowar nan take jera kwalaben turarenta. A ɗakin kuma take kifa kabbasa, wato kwandon nan da ake ɗorawa a kan kaskon wuta, tana turara kayan mutane, wani lokaci sau uku a mako. Wata biyu akwatin yana nan baki buɗe. Ni kuwa kullum in hau kujera in duba allura in sauko, hancina ya saba da ƙanshin gidan, ban ji komai ba.

Baba ya dawo ƙarshen damina, idonsa tangaran. Na kai masa akwatin ina taku ɗai-ɗai, na ce ya duba allura da sabon idonsa. Ya duba, ya gyaɗa kai. Ya ɗauki ɗaya ya kai hanci. Ya sake shinshinawa.

"Malam, wannan taba ce ko amaryar Barebari?"

Na karɓa na shinshina a can gidansa, inda babu turare. Innalillahi! Sandal ne, hawi ne, humra ce, komai ya shige cikin ganyen. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina. Kyautar da yaro ya aiko wa ubansa daga wata duniya, ni na lalata ta da wayona. Na shiga ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya ce, "Bari. Mai ita yana zuwa, shi zai yanke hukunci." Bai yi fushi ba, amma na ga jikinsa ya yi sanyi, kuma hakan ya fi faɗa ciwo.

Matata da ta ji, ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce, "Da ka tambaye ni." Na ce na sani, a bar maganar.

Ranar Kirsimeti, bayan sun taso daga coci, Baba ya aiko a kira ni. Na tafi kamar mai zuwa gaban alƙali. Ɗan nasa, ƙato ne dogo, ya gaishe ni da ladabi, ya buɗe akwatin ya kai ɗaya hanci. Can na ga idonsa ya kawo ruwa.

Ya ce, "Baba, ƙanshin zanin Mama ne na ranar Lahadi."

Ashe marigayiyar a kasuwar Gamboru take sayen turarenta, wurin tsofaffin matan da matata ta koyi haɗi a hannunsu. Baba ya sake karɓa ya shinshina, ya juya fuskarsa gefe. Suka kunna ɗaya-ɗaya a gindin dalbejiyar gidan. Baba ya ja sau biyu ya sarƙe da tari, muka yi ta dariya. Sauran kuwa ɗan ya rufe ya ce da su zai koma, kuma ba zai sha ba. Ya ce taba ko'ina akwai ta a can, wannan ce babu.

Ban ce na yi daidai ba. Sa'a ce kawai, Allah ya rufa mini asiri. Amma tun daga lokacin, in aka ba ni ajiya, ba na tsayawa kan abin da aka ce in duba kaɗai, kuma ina tambayar wadda ta fi ni sanin gidan.

Kafin ya tafi, ɗan ya ciro agogon nan daga murfin ya ba ni. Baba ya koma garinsu da zama, muna gaisawa a waya har yau, kuma bai fasa tambayata nawa take ba. Agogon yana saman durowar matata, tsakanin kwalabe. Duk ranar da na cika baki a gida na ce na san kan wani abu, ba ta musu da ni. Sai ta nuna shi da baki ta ce, "Malam, je ka duba allurarka."