Tsiren Duna

Ɗazu na ga wani kare yana jan gindi a ƙasa wajen Ƙofar Kuyambana, sai dariya ta ƙwace mini ni kaɗai. Ya tuna mini da Duna.

Duna karen gadin gidanmu ne, lokacin muna firamare. Ya bi ya rame, yana ta jan gindi, kashin da yake yi duk wasu fararen abubuwa kamar shinkafa. Likitan dabbobi ya ce tsila ce, ya ba da ƙwaya. To amma wa zai sa hannu a bakin kare, yawu ya ɓata masa kayan salla?

Sai kakarmu, Iya, ta sa aka sayo tsire, ta daka maganin ta cakuɗa da yajin, ta rufe a langa kafin Duna ya dawo daga yawo.

Can sai ga Kawu Sale, ƙanin mahaifiyarmu, wanda bai taɓa wuce rufaffen kwano bai leƙa ba. Ya fito yana suɗe yatsu.

"Iya, ku canza mai tsiren nan. Yajinsa da ɗaci."

Ko ɗagowa ba ta yi ba daga tsintar wakenta. "Ka cinye?"

"Tas."

"To, Allah ya ba ka lafiya. Na Duna ne, maganin tsila. In ka ji jan gindi ya taso maka, ka shiga ɗaki, muna da baƙi."

Da gudu Kawu ya tafi asibiti, aka ce ba abin da zai same shi. Duna dai sai da aka sake sayo masa wani maganin, amma Kawu daga ranar ya warke daga buɗe kwanon mutane.

Ku a gidanku, wa ke bukatar irin wannan tsiren?