Goggo Daro da Tsiron Bakin Teku

Wanda ya ba mu aronki ya karɓi abinsa. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Rajab, ina wajen shanyar kifi aka zo mini da labarin cewa Goggo Daro Mbengue, ƙanwar mahaifina, ta cika a asibitin Ndar. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya, Goggo. Ko ina na nufa, sai in tsinci kaina a tudun yashin nan da ke tsakanin maƙabarta da teku.

A nan tsiron ya fito, shekarar da ruwa ya cinye gidajen bakin gaɓa. Tsayinsa bai wuce ƙugu ba, ganyensa da kauri, furensa fari kamar an yage rabi, 'ya'yansa baƙaƙe kamar ɗinya. Har tsofaffin masunta ba su san shi ba. Da awakin Birane maƙwabcinmu suka fara mutuwa, sai ya ce tsiron ne, ya tara samari da adduna. Suka tarar da ke zaune a gindinsa.

"Birane, ka san sunansa?" kika tambaye shi. Ya ce bai sani ba. "To, ni ma haka. Ka bari in tambayo. In guba ne, da hannuna zan tumɓuke shi."

Ke kin lura yashi na taruwa a gindinsa, iska ba ta kwashewa. Bayansa kuwa kabarin mijinki ne, da na iyayenmu duka.

Daga nan ba ki huta ba, ba ki bar kowa ya huta ba. Kika ƙulle reshe a bakin zani, kina bin masu magani kasuwa-kasuwa, ga ciwon gwiwa. Mata suna tsokanarki wai Goggo ta yi sabon miji, ke kuma ki ce aƙalla wannan ba ya tambayar abinci. A ƙarshe wata mai sayar da manja, mutuniyar yankin Kasamas da ke can kudu, ta gane shi. Ta ce a gaɓarsu yana da yawa, yashi yake riƙewa, ba ta taɓa jin ya kashe dabba ba. Ta faɗa miki sunansa da yarensu, kika dawo kina faɗa kullum da irin tasa siga, muna dariya.

Da aka yanka akuyar Birane ta ƙarshe, leda aka samu cunkus a cikinta. 'Yar akuyarki kika aika masa, kika ce ya zo ya taya ki dasa rassa.

Wasu sun kama, wasu sun bushe. Lokacin manyan igiyoyin ruwa ya kusa, kuma ban sani ba ko tudun zai tsaya. Yanzu ke ma kina kwance a bayansa. Jiya na iske Birane a wurin da bokitin ruwa, muka kasa kallon juna.

Allah Ya jiƙan ki, Goggo, Ya yafe kurakuranki, Ya ba ki hutun da ba ki samu a nan ba. Ina miƙa ta'aziyya ga 'yarki Ngoné, da jikokinki, da matan wajen shanya. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya tsare makwancinki daga ruwa.