Wurin da Ka Samar wa Yaran Wanke

Ranar Talata, 9 ga Fabrairun 1999, da hantsi, ina cire wa kwamfutar ofishinmu rigarta sai Lukuman direba ya tsaya a bakin ƙofa, ko sallama bai yi ba. Ya ce motar da ta ɗauko Malam Attahiru Bungudu daga Tsafe ta kife kafin ta iso Gusau, mutum uku sun rasu, har da shi. Na zauna a ƙasa da rigar a hannuna. Na Allah muke, kuma gare shi makomarmu take. An yi jana'izarsa a Bungudu bayan sallar La'asar.

Malam Attahiru, a kwana ukun nan na zaman makoki na ji an faɗi alherinka da yawa, kuma duk gaskiya ne. An tuna yadda kake yawo tsakanin Gusau da Tsafe da Bungudu da 'yar jakar kayan aikinka, kana tayar da kwamfutocin da aka riga aka fidda rai da su. An tuna faɗanka, don kana da shi. Ni ma na sha nawa ranar da ka iske ni ina cin gyaɗa a kan madannan kwamfutarmu, ka ce in abin ya kai haka in kawo tuwo ma in zuba mata. Rigar da nake rufe ta da ita, matarka Hajiya Wasila ka sa ta ɗinka da ragowar atamfarta. Amma akwai alherin da ba wanda ya faɗa, domin daga ni sai kai muka san shi. Ni Sadiya, mai buga takardu a ofishin nan, shi zan faɗa yau, ko da zai zubar da mutuncina.

Bara ne, cikin watan Maris, ana tsananin zafi. Ofishinmu ke tattara sunayen 'yan aji shida na firamare masu neman shiga sakandare, mu jera su, mu sa a faifai, mota ta kai inda ake ba da lambar jarrabawa. Wanda sunansa bai shiga faifan nan ba, ya rasa shekarar. A ƙauye kuwa, yaron da ya rasa shekara ɗaya da wuya ya sake ganin aji. Sunaye dubu tara da ɗari biyu da goma sha huɗu na buga. Kuma sunayenmu ba sa gajartuwa: Ibrahim Adamu ya fi a ƙirga, dole a haɗa da sunan kaka da na gari kafin a bambance wannan da wancan.

Kwamfutar kai ka haɗa mana ita daga gawar wasu guda biyu, ka ɗora mata manhajar nan ta kyauta wadda ake iya buɗe cikinta a gyara. Ranar Laraba na ba ta umarnin jera sunayen. Ta yi ta gurnani, can ta tsaya, ta rubuta cewa memorinta, wato wurin da take riƙe aikin da take yi, ya cika. Na sake, ta sake tsayawa. Mota kuwa Alhamis bayan La'asar za ta tashi. Shugabanmu, Alhaji Mahadi, yana kan hanyarsa ta fita ya ce in rage mata kaya ko ta yaya, a gani ko za ta ɗauka. Bai ce in cire kowa ba. Ni na zaɓa.

Na duba makarantun ƙauye. Rawayya garinmu ne, akwai 'ya'yan yayyena a ciki, na tsallake. Furfuri suna da mutum a ofishin da ke kusa da namu, zai ji labari. Wanke ba su da kowa a nan. Na share yaran Wanke, su sittin da ɗaya, na cusa takardunsu a ƙarƙashin tulin sauran. Abin takaici, ko da na share su kwamfutar ba ta ɗauka ba. Na tafi gida ban mayar da su ba, ina tunanin washegari in ƙara share wasu.

Ka iso da safiyar Alhamis. Babu wuta, janareta muka tayar, man da ke ciki kuwa Lukuman ya ce da ƙyar zai kai La'asar, kuma babu inda za a samu wani a garin. Ka zauna kana karanta abin da ke gudu a allo, har Alhaji Mahadi ya gaji ya tambaya ko a rage sunaye.

Ka ce, "Alhaji, ba ɗiyan mutane ad da laihi ba. Injin ga na aje wuri don abin da babu shi."

Sai ka yi mana bayani da haƙurin da ban san kana da shi ba. Zuciyar manhajar, wadda kuke kira kenel, tana raba memori gida-gida, kuma kowane gida tana buɗe masa layi a wata rajista. Rajistar ma a cikin memorin take zaune, tana cin wuri. Tamu kwamfutar, da yake haɗi ce, rabin memorinta yana farko, rabin yana can nesa, tsakaninsu lambobi ne kawai babu komai, kamar unguwar da aka buga wa lambar gidaje amma fili ne. Kenel ba ta damu ba, duk lambar banzan nan ta buɗe mata layi. Ka lissafa a bayan wata takarda, ka ce layukan sun haura dubu bakwai, in aka karɓo wurinsu za a samu kilobait kusan ɗari biyu da tamanin, kuma abin da aikin ke nema bai kai haka ba.

Amma sai an gyara zuciyar, an sake gina ta, kuma ginin zai ci awa biyu. In ka kuskure ka saki layin gidan da ake amfani da shi, kwamfutar za ta rubuta a kan kanta ta mutu, kuma man ba zai isa a sake gwadawa ba. Alhaji Mahadi ya ce ko dai a haƙura a tura rabi. Ka dube shi ka ce, "Wane rabi?" Ni kuwa na sunkuyar da kai.

Ka rubuta layukan gyaran ba su fi talatin ba, ka karanta su sau uku da yatsa a kan allo, ka yi bisimilla ka danna. Muka kashe fanka da fitila don a rage wa janareta nauyi. Ka je Azahar ka dawo, tana nan tana gini. Gumi ya jiƙe maka riga. Sau biyu janareta ya yi tari kamar zai mutu. Ƙarfe uku da kwata ta gama. Ka kashe ta, ka kunna. Allo ya yi baƙi na ɗan lokacin da ban taɓa ganin mai tsawonsa ba, sannan rubutu ya fara gudu, ka nuna mana layin da ke cewa an dawo da wurin. Na ba da umarnin jera sunaye, ta jera su ba gardama. Alhaji Mahadi ya yi hamdala da ƙarfi, ya fita kiran Lukuman.

Kai ba ka tashi ba. Ka dubi jimlar da ke allo, ka dubi wadda ke rubuce a bangon fayil. Sittin da ɗaya sun yi ƙasa. Ka jawo tulin takardun, ka ɗaga, ka zaro na ƙarƙashi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na jira faɗan nan naka, wanda ka yi mini a kan gyaɗa. Sai ka ajiye takardun a gabana, ka ce a hankali, "Wuri ya samu, Sadiya. Ni in karanta, ke ki buga."

Minti arba'in suka rage. Kana karantawa, ina bugawa, ina sauri har ina kuskuren harafi, kana cewa in koma in gyara, sunan mutum ne. Lukuman na ta danna oda a waje. Alhaji Mahadi ya leƙo ya ce me ya rage kuma, ka ce, "Muna cika lissahi, Alhaji." Ba ka ƙara ko kalma ɗaya ba. Suna na ƙarshe Luba Ibrahim Arzika. Muka sake jerawa, jimla ta cika, muka kwafe a faifai. Lukuman bai kai bakin titi ba janareta ya mutu.

Wata goma sha ɗaya ka rayu bayan wannan. Ka zo ofishin nan ya fi sau ashirin, kana tsokanata da Hajiyar madannai, ba ka taɓa tayar da zancen ba, ko da ido. Ni kuma kullum sai in ce zuwanka na gaba zan yi maka godiya, in gaya maka da gangan na yi, ba kuskure ba ne. Kunya ta hana ni har ka tafi. Wannan ne ke cin zuciyata, ba na ɓoyewa.

Jiya na faɗa wa Alhaji Mahadi komai, duk hukuncin da ya yanke na karɓa. Na kuma nemi sakamakon bara na duba. Cikin sittin da ɗayan nan, talatin da takwas suna sakandare yanzu, har da Luba. Babu ɗayansu da ya san sunanka.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Attahiru, ka gafarta masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka rufa masa asiri ranar tsayuwa kamar yadda ya rufa nawa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Wasila da 'ya'yansa, Tajuddeen da Nana Aisha, da mahaifiyarsa Inna Fatimatu, da ɗaukacin mutanen Bungudu. Allah ya ba ku haƙurin jure wannan rashi. Ranar Asabar, in Allah ya kai mu, zan je Wanke in gaya wa iyayen yaran nan abin da na yi, in kuma gaya musu sunan wanda za su sa a addu'a.