Shayin Baba da Ya Huce

Jiya ina jiran kwale-kwalen abra in tsallaka zuwa Bur Dubai, ƙanshin shayi mai citta ya buge ni, sai na tuna Baba.

Yana cikin Hausawan farko da suka kawo iyali garin nan, mutum mai tsauri. 'Yan kasuwarmu in sun saɓa, falonmu suke zuwa ya raba su. Shayin da aka ajiye masa ba ya taɓawa sai ya gama hukunci.

Wata rana ni aka kawo ƙara: na sauke kayan wani ɗan Gana daga kwantena, na cusa nawa. Zan zauna kusa da Baba, ya nuna mini ƙasa, gefen mutumin.

"A nan ba ni da ɗa, Malam."

Ya ce in mayar da kayan da hannuna. Na tashi a fusace.

Da la'asar ya same ni a kicin, ya miƙo mini kofin shayinsa, ko kurɓa bai yi ba.

"Ɗumama mana, ɗana. Yau ya ƙi wuce mini."

Allah Ya jiƙan Baba, Ya shayar da shi abin da ba ya hucewa.